YAYI DA GADO A AIKIN ZAYYANA: NAZARIN KUNDIN WANI ƊALIBI NA GUBUCHI

1. Gabatarwa

Abin da ya jawo rubuta wannan 'yar takarda shi ne wani kundi da wani ɗalibi ya kawo mana mu duba. Ɗalibin nan mutumin Gubuchi ne, cikin ƙaramar hukumar Makarfi ta jihar Kaduna, yana kuwa koyon aikin zayyana a wata babbar makaranta ta ƙasar Zazzau. Abin da mu ke nufi da zayyana a nan shi ne fasahar tsara rubutu da hoto da launi a bisa takarda, ko allo, ko fuskar waya, yadda mai dubawa zai gane abin da a ke so ya gane ba da wahala ba. Kundi kuwa shi ne tarin zaɓaɓɓun ayyukan da mai sana'a ya ke nuna wa wanda zai ba shi aiki. Dā a cikin jakar kwali a ke yawo da shi, yanzu kuwa a shafin intanet a ke ajiye shi, kowa ya buɗe daga inda ya ke.

Cikin shekara uku ɗalibin ya rushe shafinsa ya sāke gina shi har sau uku, sa'an nan ya rubuta dogon bayani a kan yayin da a ke ciki da dalilinsa na sauyawa. Wani zai ce mene ne ruwan masu nazarin Hausa da wannan? Ruwansu babba ne, gama mai yawa daga cikin Hausar da yaranmu su ke karantawa yau, a fuskar waya su ke ganinta, kuma masu zayyana su ne su ke yanke irin kamannin da za ta fito da shi. In sun kyautata, harshe ya fito da mutuncinsa. In sun yi sakaci, sai yaro ya tashi yana zaton Hausa aba ce da ba ta zauna daidai a kan na'ura ba. Saboda haka za mu duba aikin nan da idon basira, mu yaba inda ya cancanci yabo, mu kuma faɗi inda mu ke ganin ƙafa ta zame.

2. Yadda yayi ya ke juyawa

Kafin mu shiga cikin kundin, ya kamata mai karatu ya san irin guguwar da ɗalibin ya tashi a cikinta. A 1991 aka buɗe shafin intanet na farko a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, rubutu ne zalla, babu hoto babu ado. Daga baya aka shiga yayin hotuna masu motsi da kiɗa, waɗanda a kan yi da wata manhaja mai suna Flash. Shekaru da dama duk mai son a ce ya iya sai ya yi aiki da ita, amma a ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya janye hannunsa daga gare ta, shafuka masu yawa da aka gina a kanta suka daina buɗuwa.

Da wayar iPhone ta fito a 2007, sai aka shiga yayin kwaikwayon abin duniya: a zana littafin ajiye bayani da kamannin fata da ɗinki, a zana maɓalli da inuwa da ƙyalli har ka ce za ka iya tsinke shi. A 2013 kamfanin Apple da kansa ya watsar da wannan, ya koma ga zane shimfiɗaɗɗe, mara inuwa, mai siraran baƙaƙe, a 2014 kuma Google ya fito da nasa tsarin mai kama da takardu da aka jera bisa juna. A 2019 manyan kamfanonin waya suka yaɗa baƙar fuska mai farin rubutu, a 2025 kuwa Apple ya sāke komowa ga kamannin gilashi da ƙyalli. Hasali ma shimfiɗaɗɗen zanen da aka yi ta kira sabo, tushensa yana wurin masu zayyana na ƙasar Suwizalan tun cikin shekarun 1950.

A cikin duk wannan juye-juye akwai abu guda da ba yayi ba ne. A 2010 wani Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya bayyana hanyar gina shafi yadda zai miƙe a fuskar kwamfuta ya kuma takure a fuskar waya ba tare da rubutu ya lalace ba. Wannan dabara ta zauna, domin matsala ta warware. Ga ma'aunin da za mu riƙe a hannu ke nan: abin da ya zo don biyan bukatar mai karatu ya kan daɗe, abin da ya zo don an gaji da na jiya kuwa, gobe za a gaji da shi.

3. Riguna uku

Shafin ɗalibin na farko aro ne ɗungum. Ya ɗauko shiryayyen tsari irin wanda a ke samu kyauta, ya zuba ayyukansa a ciki: farar fuska, siraran baƙaƙe masu ruwan toka, Turanci daga sama har ƙasa. Tsaf ya ke, amma da za a cire sunansa a sa na wani ɗalibi na Landan ko Legas, ba wanda zai ce an yi sauyi. Har wa yau rubutun ya yi fari ƙwarai. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idodin shafukan intanet ta tsayar tun 2008 cewa bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Ruwan toka a kan fari sau da yawa ba ya kaiwa nan, balle a hannun dattijo mai raunin ido a tsakar rana.

Shafi na biyu ya bi yayin baƙar fuska. Da an buɗe sai hoto mai motsi ya cika waya, sunan ɗalibin ya taso daga ƙasa a hankali, ayyukan kuma su riƙa shawagi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya in an ja da yatsa. Labudda akwai gwaninta a nan, mun kuwa ga alamar ya sha wuya kafin ya iya. Sai dai mai neman ya ga aiki dole ya tsaya ya gama kallon wasa tukuna, kamar baƙon da aka tsare a ƙofa da kiɗa da bushe-bushe alhali ruwa ya ke so ya sha.

Shafi na uku shi ne wanda ɗalibin ya ke alfahari da shi, shi ne kuma ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ya sa launin jar ƙasa irin na bangon da aka shafe da makuba, ya rubuta kome da Hausa da Turanci, ya kewaye kowane aiki da dagi, ya shimfiɗa wani babban dagi a bayan rubutu. A cikin bayaninsa ya ce ya gaji da bin Turawa, ya komo gida. Hujjarsa ita ce yayi abin aro ne, gado kuwa naka ne, don haka mai zayyana Bahaushe ya kamata a gane shi da kallo ɗaya.

Niyyar nan mai kyau ce, rabin hujjar kuma gaskiya ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma tambayar da ba mu ga ya yi wa kansa ba ita ce, shin abin da ya ɗauko daga gida shi ne gadon, ko kuwa hular gadon ce kawai ya ɗora?

4. Batun dagi

Dagi tsohon zane ne, ana samunsa a riguna da kayan fata da bangon gidaje, akwai kuma irinsa na sarƙaƙƙiya a wurin Nufawa da Yarabawa da mutanen arewacin Afirka. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi ya zama tambarinta, tun daga nan kuwa ya zama alamar Arewa a idon kowa. Yau ana ganinsa a ƙofofin ma'aikatu, da kalanda, da katin biki, da bayan manyan motoci. Watau dai shi ma ya zama yayi, irin na gida. Duk wanda ya ke so a ce aikinsa na Arewa ne, sai ya liƙa dagi ya huta.

Abin da ya faru a shafi na uku ke nan. Mun gwada a zuci mun cire dagin da jan launin, sai muka ga ƙashin shafin na farko yana nan yadda ya ke: jerin akwatuna uku-uku masu girma ɗaya, kowane aiki da matsayi ɗaya da ɗan'uwansa, ba babba ba ƙarami. Babban dagin da ke bayan rubutu kuma layukansa suna ratsa baƙaƙe, ido ya rasa wanda zai bi. Ashe ado ya shiga gonar karatu.

Wannan tarko ba yau aka fara faɗa masa ba, an kuma taɓa tsallake shi a nan Zariya. A 1958 waɗansu ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Zariya, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar gida, haɗin da zai zama jiki ɗaya. Abin lura shi ne yadda Okeke ya yi da zanen uli na matan Ibo. Ya zauna ya koyi yadda layinsu ya ke tafiya, da yadda su ke barin fili, har hannunsa ya saba, sa'an nan ya zana abubuwan zamaninsa da wannan hannu. Hanyar aiki ya gada, shi ya sa aikinsa ya tsaya da ƙafarsa. Ɗalibinmu ya ambaci mutanen nan cikin bayaninsa da girmamawa, amma siffa ya ɗauko, ya bar hanyar a baya.

5. Abin da magina da maɗinka su ke koyarwa

To, mece ce hanyar da mai zayyana zai koya daga gida? Bari mu ɗauki misali biyu da ke kusa da shi.

Na farko gini. Gidan Bahaushe na gargajiya yana da tsari na shiga: zaure, sa'an nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kāna cikin gida. Baƙo ya san inda zai tsaya, aboki ya san inda zai wuce, ɗan gida ya san nasa. Magini ba ya barbaɗa ado ko'ina. Ya kan tara shi a fuskar zaure, musamman kewaye da ƙofa, ya bar doguwar katanga fili, saboda haka tun daga nesa ido ya san ta inda a ke shiga. Adon yana aiki, yana cewa ga ƙofa, ga kuma matsayin mai gida. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), zai ga zanen yana bin ginshiƙai da bakan gizo, watau yana bin inda nauyin gini ya ke tafiya.

Maginan Zariya kuwa ba su ji tsoron zamani ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce sun zana keke da mota da jirgin sama a fuskar gidaje, da siminti da fenti suka zo kuma suka karɓe su. Gidajen nan ne A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kansu a 1963. Keke baƙo ne, amma da ya hau bango sai ya bi dokar bango: ya zauna inda magini ya ajiye shi, da kaurin layi irin na sauran zanen. Sun shigo da sabon abu cikin tsarinsu. Ɗalibinmu ya juya al'amarin, ya ɗauki tsohon abu ya liƙa a tsarin wani.

Na biyu ɗinki. Dubi babbar riga mai aska takwas ko aska biyu. Aikin ba a raba shi daidai dama da hagu ba. Nauyinsa yana gefen hagu, a kan aljihu da kewayen wuya, inda asake su ke saukowa, a dama kuwa sai tambari guda ya tsaya shi kaɗai, sauran riga fili. Duk da haka ba wanda zai ce rigar ta karkace, gama filin nan shi ne ya ke ba aikin numfashi. Kuma a al'ada mai zane daban, maɗinki daban: wani ya zana da alƙalami da tawada a kan ƙyalle, wani ya bi da allura. Mai zanen dole ya san abin da allura za ta iya, da inda riga za ta naɗe in an ɗaga hannunta bisa kafaɗa. Ashe tun kafin a kawo kalmar daga waje muna da masu zayyana, kuma sharaɗin aikinsu shi ne sanin jikin da zai sa rigar.

Da ɗalibin ya bi wannan, da shafinsa ya sami zaure: fuska guda mai sauƙi da za ta faɗi ko shi wane ne, da abin da ya iya, da yadda za a same shi. Da ya fifita aiki ɗaya ko biyu ya ba su girma, ya tura sauran ciki don mai son ƙari. Da ya tara adonsa wuri guda ya bar rubutu ya sha iska. Shafin da aka gina haka, ko babu dagi ko ɗaya, ya fi kusa da Zariya.

6. Baƙaƙe masu ƙugiya

Yanzu mun zo kan abin da ya fi shafar wannan sashe namu. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, a zamanin da Dokta R. M. East ya ke shugabancin hukumar talifi a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Jamhuriyar Nijar a kan ƙara da ƴ a inda mu mu ke rubuta 'y. Baƙaƙen nan suna cikin ma'aunin Unicode, wanda kwamfutoci su ke bi, tun farkon shekarun 1990. Amma kasancewar harafi cikin ma'auni daban, kasancewarsa cikin kowace ƙirar baƙaƙe daban. Masu ƙera baƙaƙe da yawa harsunan Turai kaɗai su ke dubawa, ba su zana namu ba.

Ɗalibin ya zaɓi wata ƙira mai kyan gani da a ke yayi, wadda ba ta da masu ƙugiya. Abin da na'ura ta kan yi in ta rasa harafi shi ne ta aro shi daga wata ƙira, ko kuwa ta sa ɗan akwati a gurbinsa. Saboda haka a cikin rubutunsa kowace ƙ ta fito dabam da 'yan'uwanta, ta fi su kauri, tana ƙyalli a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka. Da ya ga haka, maimakon ya sauya ƙirar, sai ya cire ƙugiyoyin daga manyan kanun shafi. Kalmar farko da ta tarye mu ita ce maraba da baki, alhali baƙi ya ke nufi. A wani wuri ƙira ta zama kira, ƙasa ta zama kasa.

Wannan shi ne kuskure mafi girma a cikin kundin, ya kuma rushe hujjar ɗalibin da kanta. Mutum ya ce ya komo gida, sa'an nan ya yanke wa harshen gida gaɓa domin ya shiga rigar aro! Magani kuwa yana kusa, kyauta ne ma. Ƙirar Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, da jerin Noto na Google, duk suna ɗauke da baƙaƙenmu, Andika ma don masu koyon karatu aka yi ta. Ƙa'idar da mu ke so kowane ɗalibi ya riƙe ita ce, kafin ya dubi kyan ƙira, ya rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ ya gani. In ba su fito daidai ba, ƙirar nan ba ta Hausa ba ce, kome kyanta.

Akwai kuma alamar cewa da Turanci aka fara tunanin shafin, aka juya daga baya. Gurbin da aka yanka wa gajeruwar kalmar Turanci ya kasa ɗaukar jimlar Hausa, sai rubutu ya karye a tsakiyar kalma, ko ya ɓuya a bayan hoto. Hausa tana da tsawonta da numfashinta. Ita ya kamata a fara aunawa, kāna a yanka gurbi.

7. Gwaji a Gubuchi

Gani ya kori ji. Mun roƙi ɗalibin, sa'ad da ya je hutu gida, ya buɗe shafukan nan uku a wayar wani ɗan'uwansa manomi, ƙaramar waya irin wadda ta fi yawa a hannun jama'a, ya kuma bar mutane su duba ba tare da ya yi musu jagora ba. Ya yi, ya kuma kawo labari da gaskiya, abin da mu ke yaba masa ƙwarai.

Shafi na biyu bai gama buɗuwa ba har mai wayar ya shanye gaɓa biyu ta rake, ya karɓe abarsa ya ce kada a cinye masa data. Na farko ya buɗe, amma a hasken rana ba a ga rubutun ba sai an kāre da hannu, wanda ya gani kuma Turanci ya tare shi. Na uku ya fi su karɓuwa nesa ba kusa ba, saboda Hausar da ke ciki. Amma wani dattijo ya nemi inda zai latsa ya kira mai aikin ya rasa, domin lambar waya tana can ƙasa, bayan an wuce ayyuka duka.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Ƙasar Makarfi ƙasar rake ce, ana kuma dafa mazarƙwaila, Ikara da Kudan suna noman tumatir da barkono da masara. Masu wannan dukiya suna bukatar takardar liƙawa a kaya, da allon shago, da sanarwa, da talla a waya. Su ne kasuwar da ke ƙofar gidan ɗalibin. Nauyin shafi kuɗi ne a wurinsu, gama kowane hoto da zai sauka daga aljihunsu a ke biyansa. Mai zayyanar da ya gina shafinsa a babbar kwamfuta, ya auna shi da idon alƙalan gasa na ƙasashen waje, ya rufe ƙofa ga mutanen da suka fi kowa bukatarsa, bai kuwa sani ba.

8. Abin yabo

Kada mai karatu ya zaci ba mu ga alheri ba. A can cikin kundin, a akwati na tara, akwai aikin da ya fi shafin duka daraja. Takarda ce da ya tsara wa waɗansu masu dafa mazarƙwaila na garinsu. Launi biyu kaɗai ya sa, domin kuɗin bugu ya yi sauƙi. Sunan kaya ya fito da manyan baƙaƙe da ya zana da hannunsa, ƙugiyar ƙ ta miƙe sosai, ana iya karantawa daga nesa a cikin kasuwa. Ya bar gurbi fari inda mai kaya zai rubuta farashi da biro, tun da ya ke farashi yana sauyawa. Ado guda ne, ganyen rake, a kusurwar hagu ta sama, sauran fili. A ƙarƙashin hoton ya rubuta layi huɗu: abin da masu kayan suka nema, da abin da ya hana, da yadda ya warware.

Babu dagi a takardar nan, amma duk abin da muka faɗa game da zaure da aska yana cikinta. Ya san masu kayan, ya san mai saye, ya san rana da ƙurar kasuwa, sai hannunsa ya bi abin da ya sani. Abin mamaki shi ne bai ambaci aikin nan ko sau ɗaya cikin dogon bayaninsa ba, wataƙila don yana ganin ya yi ƙauyanci. Mu kuwa a wurinmu shi ne shaidar cewa yaron nan zai zama gwani. Shawararmu ita ce ya fito da shi zaure, ya gina shafi na huɗu da irin hankalin da ya yi shi.

9. Ga malamai

Laifin da muka lissafa ba na ɗalibi kaɗai ba ne, gama abin da aka nuna masa shi ya bi. Muna roƙon malaman kwalejojin horon malamai da na sassan Hausa su dubi abu uku. Na ɗaya, a koya wa ɗalibai rubuta baƙaƙe masu ƙugiya a waya da kwamfuta tun shekarar farko, kada kuma a karɓi aikin da aka zubar da su. Na biyu, masu koyar da harshe da masu koyar da zane su riƙa zama tare. Ɗalibin zane ya je wurin magini da mai zanen riga da littafinsa, ya tambayi dalilin kowane layi da sunansa, ɗalibin Hausa kuma ya taimaka wajen tattara kalmomin sana'ar kafin masu su su ƙare. Na uku, kowane aiki da aka ce don jama'a aka yi shi, a kai shi wurin jama'ar a gwada, a irin wayarsu, a irin haskensu, kafin a ba shi maki.

Ba mu ce a guji yayi ba. Zamani riga ne, kuma saurayin da ke neman abinci a sana'ar nan dole ya san abin da duniya ta ke ciki, kamar yadda maginan Zariya suka san keke. Abin da mu ke so shi ne ya san wanda zai karanta, ya auna kowane sabon salo da shi. Mun mayar wa ɗalibin kundinsa da waɗannan 'yan gyare-gyare, ya kuwa yi alkawarin zai fara da sauya ƙirar baƙaƙe, ya ɗauko lambar wayarsa ya kawo ta bakin ƙofa. Allah ya yi masa jagora, ya sa mu ga shafi na huɗu da alheri.